Yini guda a Saigon: ina za mu ci, ina za mu yi salla, me za mu sayo?

Uwar Biyu (Kaduna):

Assalamu alaikum. Don Allah waɗanda suka taɓa taka ƙasar Biyetnam ku ba ni shawara. Maigidana zai je birnin Ho Chi Minh cikin watan Janairu kan harkar kashu, wannan karon kuma ya ce in raka shi. Kwana huɗu za mu yi. Uku duk na masana'anta ne da ganawa da abokan cinikinsa, ranar ƙarshe ce kaɗai tamu, ita ma jirginmu sai tsakar dare zai tashi, ke nan muna da tun asuba har bayan isha.

Shi sau biyu yana zuwa amma bai san garin ba. Daga otal sai masana'anta, daga masana'anta sai otal, abincinsa kuma garin kwaki da ƙuli-ƙulin da nake ƙulla masa, don ya ce duk inda ya leƙa alade ne. Ni kuwa ba zan yi wannan doguwar tafiya in dawo ban ga komai ba sai bangon ɗaki.

Abin da nake son sani: akwai inda Musulmi zai ci abinci hankali kwance? Akwai masallaci a tsakiyar gari da mace za ta iya shiga? Wace kasuwa za mu je, don tun yanzu an fara jero mini saƙonni, wannan jaka, wannan yadi, surukata kuma ta ce kofi. Sannan me ya kamata ido ya gani in yini ɗaya ne kawai? Ina sa hijabi har ƙasa, ban sani ba ko zai zame mini abin kallo. Na gode.

Alhajin Kashu:

Wa alaikumus salam 'yata. Allah Ya kai ku lafiya. Sau shida ina zuwa garin nan, kuma zuwana uku na farko irin na maigidanki na yi, gari da suga a ɗaki, har Allah Ya haɗa ni da wani Bamalesiye a lif ɗin otal ya ja ni masallaci. Tun daga ranar na gane yunwar da na sha ta rashin tambaya ce. Bari in ba ki yinin yadda ni nake yin sa, ki ɗauki wanda ya yi miki.

Da farko ki riƙa cewa Saigon. A takarda sunan Ho Chi Minh ne tun 1976, amma a bakin mai tasi da mai shago tsakiyar garin Saigon ne har gobe. Suna gaban Najeriya da awa shida, kuma gari ne mai sammako. Biyar da rabi na safe za ki ga tsofaffi a lambu suna motsa jiki, shida ta yi titi ya cika. Ku ma ku fita da wuri, don Janairu rani ne a can, babu ruwa, amma daga sha ɗaya rana tana dukan mutum da wani irin gumi mai danƙo da ba mu saba da shi a Arewa ba. Kuma kafin ku tayar da sallar asuba a ɗaki ku duba alƙibla a waya. A can yamma ake fuskanta, an ɗan karkata arewa. Ranar farko sai da zuciyata ta yi ta gardama da ni, don mutum ya shekara hamsin yana kallon gabas.

Ni wurin da nake cewa a fara da shi gidan tarihin yaƙin Biyetnam da Amurka ne da ke titin Vo Van Tan. Bakwai da rabi suke buɗewa, tikitin dong 40,000 na biya, bai kai dala biyu ba. A tsakar gidan za ku tarar da jiragen yaƙi da masu saukar ungulu da tankokin da Amurka ta bari, yara suna ta ɗaukar hoto a jikinsu. Wannan ba shi ne wurin ba. Wurin yana sama. Akwai ɗakin da aka yi wa fenti ruwan lemo, na gubar da suke kira Agent Orange, wadda jiragen Amurka suka yi ta fesa wa dazuzzuka da gonaki tsakanin 1961 da 1971 don ganye ya kakkaɓe mayaƙa su rasa maɓoya. Hotunan da ke ɗakin ba na sojoji ba ne, na yaran da aka haifa bayan an gama yaƙin ne, wani ba hannu, wani ba ido, har jikoki. Na tsaya gaban hoton wata uwa tana yi wa ɗanta wanka a baho, ɗan ya kai girman da ya kamata shi ne ke ɗaukar ta, sai na ji ƙafata ta ƙi ɗaukata, na nemi benci na zauna. Akwai kuma ɓangaren ƙauyen My Lai, inda aka kashe mutum 504 a safiya ɗaya cikin 1968, yawancinsu mata da yara da tsofaffi. Ban ce za ki ji daɗin wurin ba. Amma in kin fito kika ga dattijuwa mai tallan kwakwa a bakin ƙofa, kika yi lissafin shekarunta, kallon da za ki yi mata dabam ne da wanda za ki yi in daga jirgi kasuwa kika zarce. Shi ya sa nake sa shi a gaba.

Daga nan da ƙafa za ku isa fadar shugaban tsohuwar Biyetnam ta Kudu, minti goma ne. Nan ne tankar sojojin Biyetnam ta Arewa ta banke ƙofa ranar 30 ga Afrilun 1975, yaƙin ya ƙare. An bar gidan yadda yake, kujeru da labule da wayoyin tarho na da. Ku sauka ƙarƙashin ƙasa ku ga ɗakunan da aka riƙa ba da umarnin yaƙi, taswirori na nan manne a bango, ga manyan na'urorin rediyo. A saman rufin akwai jirgi mai saukar ungulu da jan da'ira biyu da aka zana inda bama-bamai suka faɗa makonni uku kafin faɗuwar garin. Awa ɗaya ta isa.

In kun miƙe kaɗan sai babban gidan waya, ginin Faransawa ne da aka gama 1891, rawaya, cikinsa kamar tashar jirgin ƙasa, da ƙaton hoton Ho Chi Minh, jagoran da aka sa wa garin sunansa, a ƙurya. Har yanzu yana aiki. Na taɓa aika wa jikata kati daga nan, na riga shi isowa Kano da wata guda, amma ya iso. Cocin jan bulo da ke gabansa an daɗe ana gyaransa, tun 2017, kallo daga waje ya wadatar.

To, yanzu maganar tsallaka titi, don za ku yi ta fiye da sau ashirin. Ki tuna Kano kafin a hana acaɓa, ki ninka. Babura ne kamar an fasa gidan tururuwa, kuma ba sa tsayawa. Dabarar ita ce ki sauka a hankali ki yi ta tafiya da taki ɗaya, kada ki ruga, kada ki ja da baya, kada ki tsaya cak. Su ne za su auna ki su kewaye ki. Mota da bas kam a ba su hanya. In zuciya ta ƙi, ki laɓe a gefen wata tsohuwa 'yar gari ku tsallaka tare. Waya kuma kada a fito da ita a bakin titi, akwai masu fizge a kan babur, jaka ma a rataye ta ɓangaren da ba na titi ba.

Azahar a can da wuri take shiga, wajen sha biyu. Ku nufi lamba 66 a titin Dong Du. Masallaci ne da Musulmin kudancin Indiya suka gina 1935, yana nan tsakanin dogayen otal-otal, in ba a nuna maka ba sai ka wuce shi. Ka hau matakala, ka cire takalmi, sai ka ji hayaniyar garin ta yanke. Akwai tafkin alwala, akwai baranda mai sanyin tayil da mutane ke miƙe ƙafa bayan salla, akwai wurin mata. Za ku ga 'yan ƙabilar Cham, su ne yawancin Musulmin ƙasar, ga 'yan Malesiya da Indunusiya da Pakistan, wani lokaci har baƙar fata ɗan uwanka. Ni nan nake ɗaure yinina: abin da za a gani a gani kafin azahar, abin da za a saya a saya bayanta.

Abinci kuwa a titin masallacin kansa akwai gidajen halal. Ki nemi pho, su suna furta shi kamar "fa". Taliyar shinkafa ce mai faɗi a cikin romon ƙashin sa da aka kwana ana dafawa da citta da albasa gasassu da kirfa, a yanka nama siriri a ɗora. Za a kawo miki faranti dabam na ganye ɗanye da lemon tsami da barkono, ke za ki tsinka ki zuba. Cokalin farko za ki ce ba gishiri ba yaji, don bakinmu ya saba da daddawa da attarugu. Ki matsa lemon, ki sa barkonon, ki ba shi cokali biyar. Ni yanzu har kewarsa nake yi.

Amma ki ji wannan da kyau. Maigidanki bai yi ƙarya ba. A wajen gidajen halal, ko an rubuta naman sa ko kaza, ba yankan Musulmi ba ne, kuma wasu suna haɗa ƙashin alade a romo. Burodinsu da ake yayi, banh mi, abin da ake shafa masa a ciki hantar alade ce da aka niƙa, ko da ƙwai kawai kika ce a sa miki, wuƙar ɗaya ce. Shinkafar da suke kira com tam da gasasshen alade ake cin ta. Kalmar alade a kudu "heo" ce, ki haddace ta kamar sunanki. In kun yi nisa da gidan halal ku nemi inda aka rubuta "chay", abincin mabiya Buddha ne, ba nama ba kifi, ganye ne da awara da shinkafa. Ruwan rake da ake matsewa a gabanki da ɗan lemo, da ruwan kwakwa, da kayan marmari, waɗannan ki sha ki more.

Kasuwa zan bar wa mata, sun fi ni. Abu ɗaya kawai: kuɗinsu sifili ya yi masa yawa. Dala ɗaya ta haura dong 25,000, kuma takardar 20,000 da ta 500,000 duk shuɗaye ne. Na taɓa miƙa wa mai tasi ta 500,000 da daddare a zaton ta 20,000 ce, ya karɓa ya yi godiya ya ja mota, sai a ɗaki na gane. Ki ware manyan a aljihu dabam. Mota kuma ku kira ta manhajar Grab, kuɗin yana fitowa tun kafin ku shiga.

Hajiyar Kwari:

Baba Alhaji ya gama magana kan gari, Allah Ya ƙara girma. Ni dai ƙanwata zan yi miki ta kasuwa, don ita ta kai ni sau biyu.

Ben Thanh ita ce kowa zai nuna miki, mai hasumiyar agogo, tun 1914 take nan. Ki shiga ki ba idonki abinci, amma ki san kasuwar baƙi ce. Layukan matsattsu ne, 'yan matan shago har hannu suke kamawa suna "madam, madam". Farashin farko da za a faɗa miki na wanda bai san ciwon kuɗinsa ba ne. Wata jaka aka ce mini 900,000, na taya 300,000, mai shagon ta dafe ƙirji kamar na zage ta, na juya na yi taku huɗu ta kira ni, muka ƙare a 380,000. Da kalkuleta ake cinikin, ta buga ta miƙo miki, ki goge ki buga naki. In ta ce hamsin, dubu hamsin take nufi, ba sa faɗin dubun. Ki koyi "bao nhieu", wato nawa, da "mac qua", wato ya yi tsada. Da na faɗi ta biyun sai da layin gaba ɗaya ya kwashe da dariya, kuma ta rage mini. Ana yi da fara'a, ba a ɗaga murya. Ta gefen kasuwar akwai rumfunan da farashinsu a rubuce yake ba a tayawa, ki fara zagaya su don ki san kan abin kafin ki shiga ciki.

Abin da ya sa tsarin Baba ya yi daidai, kasuwa bayan azahar: suna da camfin cinikin farko kamar wasu 'yan kasuwarmu. In ke ce kika fara tsayawa da safe kika taya kika tafi ba ki saya ba, ran mai shagon zai ɓaci sosai, a ganinta kin toshe mata kasuwar yini. Da la'asar kuwa kowa neman sallamawa yake.

Inda nake so ki je da gaske shi ne ɗan titin da ke fuskantar ƙofar yamma ta kasuwar, Nguyen An Ninh. Titin Malesiya ake ce masa. Gajere ne, amma gefe da gefe shagunan hijabi ne da dogayen riguna da kayan sallar mata masu aikin zare a baki, ga gidajen abincin halal a jere. Masu shagunan da yawa Musulmi ne, kina shiga za a yi miki sallama. Nan na ci abincin dare duk kwanakina. Game da hijabinki, ki kwantar da hankali. Sun saba da matan Malesiya, su kansu matan garin in za su hau babur rufe jiki suke ruf, da takunkumi da safar hannu, saboda rana. Baƙar fatar ce za a ɗan kalla, musamman yara da tsofaffi, wata ma ta nemi hoto da ke. Ban ga wulaƙanci ba. Shawarata ki sa mai sauƙi marar nauyi, kuma wanda ba ya jan ƙasa, don cikin kasuwa ɓangaren kifi a jiƙe yake.

Kayan sawa da aka riga aka ɗinka kada ki saya wa kowa da ka. Mutanen ƙanana ne, abin da suka rubuta wa babba a wurinmu na 'yar sakandare ne. Na kwaso wa yayata riguna uku, ko ɗaya bai wuce mata kafaɗa ba, 'yarta ta gada. Takalmi ma in ƙafar ta wuce lamba 40 sai an sha wuya. Yadi ya fi. In yadin ne da gaske, ku ɗauki mota zuwa kasuwar Tan Dinh, ita da shagunan da ke tsallaken titinta, nan 'yan gari suke saya, da mita ake aunawa ba da yadi ba, ki yi lissafinki tun daga gida. Abin da aka ce miki siliki ne a farashin banza, roba ne. In da kwana biyu gare ku da na ce Binh Tay ta unguwar Sinawa, can ne sari, amma a yini ɗaya za ta cinye muku la'asar a hanya.

Kofin surukarki kuwa, ƙasar ce ta biyu a duniya wajen nomansa bayan Barazil, ba za ki rasa ba. Ki sayi ƙwayar a niƙa a gabanki, ko ki shiga babban kanti ki ɗauki na leda mai hatimi. Ki haɗa mata da ɗan gwangwanin tacewa da suke kira phin, ana ɗora shi a bakin kofi ruwan yana ɗiga a hankali kan madara mai kauri. Yana da ƙarfi ƙwarai, in tana da hawan jini ki gaya mata. Wanda za a ce miki na kashin wata dabba ne mai tsada, ki wuce, ko ba don komai ba don ƙyanƙyami.

A nan ne kawai na saɓa da Baba: ni ba zan kai mace gidan tarihin yaƙin nan da sassafe ba. Na shiga, na fito ban iya cin abincin rana ba. Ita da ta zo hutun yini ɗaya?

Ɗan Damagaram:

Gaisuwa ga Baba Alhaji da Hajiya. Ni ƙaraminku ne, karatu ya kawo ni, shekarata ta biyu ke nan a Saigon.

Hajiya, ki yi mini haƙuri, ina bayan Baba kan gidan tarihin, amma da dalilina. Kakana tsohon sojan Faransa ne. Yadda ku a Najeriya kuke da 'yan Boma, haka mu a Nijar muke da waɗanda aka kwasa aka kai Indoshin, wato yankin nan da Biyetnam ke ciki, suka yi wa Faransa yaƙi da mutanen ƙasar nan har ta sha kashi a Dien Bien Phu cikin 1954. Muna yara yana ba mu labarin ruwan sama da shinkafa da sauro, bai taɓa ba mu labarin yaƙin ba. A bayan gidan tarihin akwai injin fille kai da Faransawa suka kawo, da kwaikwayon kurkukun tsibirin Con Dao da ake kira kejin damisa. Ranar da na tsaya gabansu na daɗe ina tunanin tsohon, wanda aka mallake ƙasarsa aka kuma turo shi ya taya mallake ta wasu. Ko da na gaya wa wani malaminmu ɗan ƙasar, bai ɓata rai ba, sai ya riƙe hannuna ya ce shi ma kakansa ba a tambaye shi ba. Mai raunin zuciya za ta iya tsallake ɗakin ruwan lemon, ta ga sauran.

Ƙari biyu a kan abinci. A titin da Hajiya ta faɗa ana samun banh mi na halal, da kaza ko naman sa. Ku ci. Burodin irin dogon nan ne na Faransa da muke ci a Yamai da Damagaram, sai dai nasu ya fi sauƙi, ɓawon yana ruɓushewa a hannu, a ciki a sa karas da aka jiƙa a ruwan tsami da kokwamba da ganye da barkono. Na biyu, warin da za ku ji a kusan kowane abinci na miyar kifi ne, nuoc mam, kifi ne da gishiri aka tsima. Ita ce daddawarsu. Kayan marmari kuma ku gwada mangwaronsu da wani mai jan ɓawo da farin ciki mai ɗigon baƙi, thanh long. Durian kam kada ku kai shi otal, warinsa ya sa da yawa sun hana.

Bayan la'asar in ƙafa ta gaji, ku gangara bakin kogi, tashar Bach Dang, ba nisa da masallacin. Akwai jirgin ruwa na haya, dong 15,000 ne zuwa, ku zauna ta baya ku ga garin daga ruwa, har da Landmark 81, benen da ya fi kowanne tsawo a ƙasar, mita 461. Kujerun yamma suna ƙarewa da wuri, a sayi tikiti tun da rana. Jirgin ƙasan cikin gari ma ya fara aiki tun Disambar 2024, tasharsa ta farko tana gaban Ben Thanh. Magariba kafin shida take yi a Janairu, ku koma Dong Du ku yi, sannan ku taka titin Nguyen Hue, inda iyalai ke fitowa shan iska da yara. Titin Bui Vien da za a yi ta tallata muku na mashaya ne, ba naku ba ne.

Uwar Biyu (Kaduna):

Kai, Allah Ya saka muku da alheri, Baba da Anti da ƙanena. Na karanta wa maigidan, ya yi shiru, sai cewa ya yi ashe masallacin bai fi tafiyar minti goma daga otal ɗin da yake sauka ba. Gidan tarihin zan shiga in sha Allah, in na ga ba zan iya ba in fito. Saura tambaya biyu. Ya ce wani ya ba shi labarin ramukan da mayaƙa suka haƙa a ƙarƙashin ƙasa, za mu iya haɗawa da su? Sannan ƙarfe nawa ya kamata mu bar gari zuwa filin jirgi?

Alhajin Kashu:

Ramukan Cu Chi ke nan. Ku bar su sai wani zuwan, 'yata. Kusan awa biyu ne zuwa, biyu dawowa, yinin ya tafi, ga ramin matsattse ne, da rarrafe ake shiga, ba wurin doguwar riga ba ne.

Filin jirgin Tan Son Nhat a cikin gari yake, bai fi kilomita bakwai ko takwas daga inda za ku kasance ba, amma kada wannan ya ruɗe ku. Daga biyar zuwa bakwai na yamma hanyar tana cushewa, kuma layin duba fasfo da daddare yana da tsawo, don manyan jirage a lokacin suke tashi. In jirginku sha biyu ne, ku ci abinci bayan magariba, takwas ta yi muku a mota. Ku bar kayanku a ajiye wurin masu otal tun safe, ku dawo ku ɗauka. Ragowar dong kuma ku kashe shi ko ku canza a can, in ya zo Wapa takarda ce kawai.

Ki saya wa yaranki kashu gasasshe mai gishiri, wanda aka bar wa siririn ɓawonsa, ana sayar da shi a gwangwanin roba. Ƙasar ce kan gaba a duniya wajen fasa kashu da fitar da shi, alhali yawancin ɗanyen daga waje take sayowa, daga Kambodiya da ƙasashenmu na Afirka ta Yamma. Ranar da na fara shiga masana'antarsu na ga buhunanmu jibge har rufi, mata ɗaruruwa a zaune suna tsince ƙwaya, na tuna matasan unguwarmu da ke zaune a bakin titi, abin ya tsaya mini a rai har yau. Ki ce wa maigidan, cikin kwana ukun nan nasa, ya roƙi a zagaya da ke ɓangaren injin fasawa ko na rabin awa ne, ki gani da idonki.